Harouna Doula: Gwarzon kocin Afirka da aka karɓe wa ragama bayan wasa ɗaya

A ranar 22 ga Disamban 2011, a birnin Accra na ƙasar Ghana, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, wato CAF, ta bayyana Harouna Doula Gabde na Jamhuriyar Nijar a matsayin gwarzon mai horar da 'yan wasa na shekara. A wajen bikin ne kuma aka bai wa Yaya Toure na Kwaddibuwa kambin gwarzon ɗan wasan nahiyar.

Wata ɗaya da kwana ɗaya bayan nan, a ranar 23 ga Janairun 2012, tawagar Nijar ta buga wasanta na farko a tarihi a gasar cin kofin nahiyar Afirka, inda mai masaukin baƙi Gabon ta doke ta da ci 2-0 a Libreville. Kafin wasa na biyu, an miƙa jagorancin tawagar ga wani Bafaranshe, Doula kuma ya koma gefe.

Labarin Doula labarin mutum ɗaya ne, amma tambayar da ke cikinsa ta shafi duk wanda ke riƙe da usur a Nijar, tun daga kocin tawagar ƙasa a Yamai har zuwa malamin motsa jiki a ƙaramar sakandare ta Filinge. Tambayar ita ce: lokaci nawa ake bai wa ɗan gida ya gina abin da ya fara?

Ƙasar da ba a sa ta a lissafi

Lokacin da aka damƙa wa Doula tawagar Mena a 2009, Nijar ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba tun samun 'yancin kai a 1960. Sunan Mena, wanda aka samo daga wata barewa ta yankin Sahel, bai cika tayar wa abokan karawa da hankali ba. A wannan shekarar ce kuma Kanar Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele, ya hau shugabancin hukumar ƙwallon ƙafar ƙasar, FENIFOOT.

Doula, wanda shi ma tsohon ɗan wasa ne, bai gaji tarin taurari masu wasa a Turai ba. Mafi yawan yaransa a gida suke, a ƙungiyoyin Yamai irin su AS FAN ta sojoji da Sahel SC da Olympic FC, sai ƙalilan da ke neman abinci a wasu ƙasashen Afirka. Mai tsaron raga Kassaly Daouda ya yi suna a Coton Sport ta Garwa da ke Kamaru. Ɗan wasan gaba Moussa Maazou, wanda CSKA Moscow ta Rasha ta saya daga Lokeren ta Beljiyam a 2009, shi ne kusan sunan da aka fi sani a waje.

Halin da ƙasar ke ciki ma ba mai sauƙi ba ne. A watan Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da gwamnatin Mamadou Tandja, kuma a wannan shekarar ce ƙarancin abinci ya addabi miliyoyin jama'a. Ƙwallon ƙafa ba ta cikin abubuwan da ke gaban hukumomi.

Duk da haka, a 2010 ɗin ne alamu suka fara bayyana. A wasannin neman gurbin gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke taka leda a cikin ƙasashensu kaɗai ke bugawa, Nijar ta fitar da babbar maƙwabciyarta Najeriya, bayan ta ci ta 2-0 a Yamai, aka kuma tashi babu ci a Kano. Kafin shekarar ta ƙare, Mena ta lashe gasar ƙasashen UEMOA, masu amfani da kuɗin sefa a Yammacin Afirka, wadda aka buga a Yamai.

A watan Fabrairun 2011 aka yi gasar ta CHAN a Sudan. Nijar ta doke Zimbabuwe da Ghana, ta yi canjaras da Afirka ta Kudu, ta tsallaka zagayen daf da na kusa da na ƙarshe. Sai a bugun fenareti mai masaukin baƙi Sudan ta iya fitar da ita.

Rukunin da aka ce ba na Nijar ba ne

A wasannin share fagen gasar cin kofin Afirka ta 2012, an jefa Nijar cikin rukunin G tare da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ce ta lashe kofin sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010, a ƙarƙashin koci Hassan Shehata. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da kammala karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya ba. Wanda ya zo na ɗaya ne kawai ke da tabbacin wucewa, kuma ba a yi zaton Nijar za ta ko leƙa wurin ba.

Wasan farko bai sauya wannan tunani ba, domin Afirka ta Kudu ta ci Mena 2-0 a watan Satumban 2010. Amma a ranar 10 ga Oktoba, a filin wasa na Janar Seyni Kountche da ke Yamai, Maazou ya jefa ƙwallo ɗaya tilo a ragar Masar, kuma haka aka tashi. Zakarun Afirka sun sha kashi a hannun ƙasar da ba ta taɓa halartar gasar ba.

Daga nan filin na Yamai ya zama wurin da baƙo ba ya fita da maki. Saliyo ta sha 3-1 a watan Maris na 2011, Afirka ta Kudu kuma ta sha 2-1 a watan Satumba. Tsarin Doula ba boyayye ba ne: a toshe baya, a haƙura da ƙwallo a ƙafar abokan karawa, a yi amfani da zafin ranar Yamai da sowar 'yan kallo, sannan a tura wa masu gudu a gaba da zarar an ƙwace.

Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoban 2011, ita ce ba za a manta da ita ba. A Alƙahira, Masar da ta riga ta fita, ta zuba matasan 'yan wasanta, suka lallasa Nijar da ci 3-0. A can birnin Nelspruit kuma, Afirka ta Kudu a ƙarƙashin Pitso Mosimane ta ji labarin, sai ta lallaɓa wasanta da Saliyo aka tashi babu ci, 'yan wasanta suka ɓarke da rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ya ba su gurbi.

Ashe ba haka dokar take ba. Ƙasashen uku kowacce ta tashi da maki tara, kuma ƙa'idar CAF ta ce a irin wannan hali sakamakon karawar da suka yi a tsakaninsu ake dubawa. Da aka cire wasannin Masar, Nijar na da maki shida, Afirka ta Kudu biyar, Saliyo biyar. Mena ta wuce. A wannan ranar ce Najeriya ta yi 2-2 da Gini a Abuja ta rasa nata gurbin. Kamaru ma ba ta je ba.

Wannan aiki ne ya sa CAF ta zaɓi Doula a kan sauran masu horarwa na nahiyar.

Abin da ya faru a Libreville

Kafin a tafi gasar, wadda Gabon da Ikwatoriyal Gini suka karɓi baƙuncinta, hukumar FENIFOOT ta ɗauko Rolland Courbis, tsohon kocin Bordeaux da Marseille da Montpellier a Faransa, a matsayin mai ba da shawara. Hukumar na da hujjarta. A wasanni ukun da Nijar ta buga a waje a zagayen share fage, ta sha kashi a dukansu, an zura mata ƙwallo shida, ita kuma ko ɗaya ba ta ci ba. Gasar kuwa ba a Yamai za a buga ta ba.

Sai dai Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shigo da murya ta biyu cikin tawaga ana saura makonni a fara gasa ya haifar da tambayar da 'yan wasa ba sa so: wa za mu saurara?

Bayan ƙwallayen da Pierre-Emerick Aubameyang da Stephane N'Guema suka ci wa Gabon a wasan farko, an amsa tambayar. Courbis ne ya ja ragamar sauran wasanni biyun. A karawa da Tunisiya, William N'Gounou ya ci wa Nijar ƙwallonta ta farko a tarihin gasar, kuma an kusa tashi 1-1 kafin Issam Jemaa ya ci ta biyu ana daf da hura usur ɗin tashi. A wasan ƙarshe Maroko ta ci 1-0. Mena ta koma gida babu maki ko ɗaya.

Masu goyon bayan matakin hukumar kan ce tawagar ta fi taka rawar gani a wasa na biyu. Masu suka kuma kan ce sakamakon bai sauya ba, abin da ya sauya kawai shi ne darajar mutumin da ya yi shekara biyu da rabi yana haɗa tawagar. Courbis bai daɗe ba ya ajiye aikin a cikin shekarar.

A watan Satumban 2012 aka ɗauko Gernot Rohr, Bajamushen da ya jagoranci Gabon a wasan da ya jawo wa Doula matsala, wanda daga baya ya horar da Super Eagles ta Najeriya daga 2016 zuwa 2021. Da kusan 'yan wasan da Doula ya tara, Nijar ta fitar da Gini ta je gasar 2013 a Afirka ta Kudu. A can ta samu maki ɗaya a canjaras da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ba ta kuma ci ƙwallo ko ɗaya ba.

Tun daga lokacin Mena ba ta sake komawa gasar ba. Francois Zahoui na Kwaddibuwa ya riƙe ta, Jean-Guy Wallemme da Jean-Michel Cavalli na Faransa sun riƙe ta, sannan Badou Zaki na Maroko, wanda a ƙarƙashinsa ta doke Sudan da Ghana a ƙarshen 2024, amma maki ɗaya ya hana ta zuwa gasar 2025.

Kura da shan bugu

Abin da ya samu Doula ba baƙon abu ba ne a Yammacin Afirka. Marigayi Shuaibu Amodu ya samar wa Najeriya gurbin gasar cin kofin duniya sau biyu, ta 2002 da ta 2010, kuma duka biyun ba shi ya kai tawagar ba. A karon farko an maye gurbinsa da Festus Onigbinde, a na biyu kuma da Lars Lagerback ɗan ƙasar Suwidin, duk da cewa a kowane karo ya kawo wa ƙasar matsayi na uku a gasar Afirka. A gasannin duniyar biyu, Najeriya ta tashi da maki ɗai-ɗai.

Marigayi Stephen Keshi ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006 a karon farko a tarihinta. Da tawagar ta sha kashi a wasanninta uku a gasar Afirka a Masar, sai aka sallame shi aka ɗauko Bajamushe Otto Pfister. Togo ta je Jamus ta sha kashi a duka wasanninta uku. Irin wannan ne ake cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda aka yi haƙuri kuwa, an ga amfaninsa. Senegal ta naɗa Aliou Cisse a 2015. An fitar da shi a bugun fenareti a 2017, ya fita a zagayen farko a gasar duniya ta 2018, Aljeriya ta doke shi a wasan ƙarshe a 2019. Ba a kore shi ba. A watan Fabrairun 2022 ya kawo wa Senegal kofin Afirka na farko a tarihinta, shekara bakwai bayan kama aiki.

Dawowar da ta ba da mamaki

Doula bai bar fagen ba. Ya ci gaba da aiki a harkar ƙwallon ƙasarsa, kuma shi ne ya jagoranci tawagar 'yan wasan cikin gida zuwa gasar CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023.

A birnin Oran, Nijar ta tashi babu ci da Kwango, ta doke Kamaru 1-0 ta zo ta ɗaya a rukuninta, sannan ta fitar da Ghana da ci 2-0. Wannan ne karon farko da babbar tawagar Nijar ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a wata gasar CAF. A nan Aljeriya ta yi mata ruwan ƙwallaye 5-0, Madagaska kuma ta ci ta 1-0 a wasan neman na uku, ta ƙare a matsayi na huɗu.

Ke nan manyan nasarori uku da ake alfahari da su a tarihin babbar tawagar, wato Sudan a 2011, gurbin 2012 da kuma Aljeriya a 2023, duk a hannun mutum ɗaya aka same su, kuma tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai shekara 12. Da wuya mutum ya kauce wa tunanin abin da za a samu da a ce shekarun nan a jere aka bar shi ya yi su.

Shekara 60 a makaranta ɗaya

Domin a ga abin da dogon zama ke haifarwa, sai a leƙa wata ƙaramar jami'a a Amurka, inda a shekarar 2012 ɗin da aka karɓe wa Doula ragama bayan wasa ɗaya, wani koci ya yi ritaya bayan kaka 60 a wuri guda.

Sunansa John Gagliardi, kuma wasan da ya koyar shi ne ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, wanda ake ɗaukar ƙwallo a hannu ana bangazar juna. Ya fara horarwa a 1943 yana ɗan shekara 16 a makarantarsu ta sakandare a garin Trinidad na jihar Colorado, lokacin da aka kira kocinsu aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi shekara huɗu a kwalejin Carroll da ke jihar Montana, sannan a 1953 ya koma jami'ar Saint John's da ke wani ƙaramin gari a jihar Minnesota.

Saint John's ba ta cikin manyan jami'o'in da ake nuna wasanninsu a talabijin kowane mako. Tana rukuni na uku, inda ba a ɗaukar nauyin karatun ɗalibi don ya iya wasa. Yaran Gagliardi ɗalibai ne da za su gama su zama malamai ko likitoci ko 'yan kasuwa.

Ya yi suna da abubuwan da ya hana. Ba ya amfani da usur a wajen atisaye. Ba a kayar da juna a atisaye, don gudun rauni. Atisayen ba ya wuce minti 90. Ba a korar ɗalibi daga ƙungiya don bai iya ba. Bai ma yarda a kira shi koci ba, sai dai a kira sunansa.

Da wannan tsari ya lashe kofin ƙasa sau huɗu, a 1963 da 1965 da 1976 da 2003. Ya yi ritaya da nasara a wasanni 489, adadin da babu wani kocin ƙwallon jami'o'in Amurka da ya kai. Tun 1993 kofin da ake bai wa gwarzon ɗan wasan rukuni na uku ke ɗauke da sunansa. Ya rasu a watan Oktoban 2018 yana da shekara 91.

Abin lura shi ne, tsakanin kofinsa na uku da na huɗu akwai shekara 27. Makarantar ba ta sallame shi ba, domin ba kofi kaɗai take auna aikinsa da shi ba. Arzikin Amurka da na Nijar ba ɗaya ba ne, wasan ma daban ne. Amma abin da ya fi yi wa Gagliardi amfani ba kuɗi ba ne, zama wuri ɗaya ne, har ya horar da yara, ya zo ya horar da 'ya'yansu.

Daga Yamai zuwa ƙasar Kurfai

A Nijar, idan aka ce kwalej, ba jami'a ake nufi ba, ƙaramar sakandare ce, wadda ake kira CEG, inda yaro ke yin shekara huɗu kafin jarrabawar BEPC. A nan ne yawancin yaran karkara ke fara haɗuwa da wanda ya koyi horarwa a makaranta, wato malamin motsa jiki. Shi ne takwaran Gagliardi a ƙasar, kuma shi ne matakin farko na tsanin da Doula ke samansa.

A ɗauki misalin Filinge, babban garin ƙasar Kurfai a jihar Tilaberi, mai nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai a kan hanyar da ta bi ta Balleyara. Garin na cikin kwarin Dallol Bosso, inda Kurfayawa masu magana da Hausa ke zaune tare da Zabarmawa da Buzaye da Fulani. A wannan gunduma ce, a garin Fandu, aka haifi Janar Seyni Kountche, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987, wanda kuma filin wasan da aka kayar da Masar ke ɗauke da sunansa.

Sai dai tazarar da ke tsakanin filin ƙwallon makaranta a Kurfai da wancan fili na Yamai ta fi kilomita 180. Galibin ƙungiyoyin babban rukunin gasar ƙasar a babban birni suke, kuma da yawansu na hukumomi ne: sojoji, jandarma, 'yan sanda, kwastan, dakarun tsaron ƙasa, kamfanin wutar lantarki da na man fetur. Waɗanda suka yi suna a wajen Yamai, irin su Dan Kasawa ta Maraɗi da Akokana ta Arlit da Espoir ta Damagaram, a manyan garuruwa suke. Yaron da ya iya ƙwallo a Shikal ko Bonkuku ko Damana, sai ya bar gida kafin wani mai neman 'yan wasa ya gan shi.

Malamin da zai fara gano shi ma yana da nasa matsalolin. Shekarar karatu daga Oktoba take zuwa Yuni, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ta yadda atisaye ba ya yiwuwa sai da sanyin safiya ko da yamma lis. Da damina ta faɗi, yara sun koma gona. Bayan girbi kuma samari da dama kan tafi cirani Najeriya ko Ghana ko Kwaddibuwa ko Libiya. Ƙungiyar da aka haɗa bana, baɗi sai an sake ta daga tushe.

Ga kuma batun aikin kansa. Mafi yawan malaman makarantun gwamnati a Nijar 'yan kwantiragi ne, kuma sauyin wurin aiki abu ne da aka saba da shi. Malamin da ya fara sanin yaransa da iyayensu, ya shawo kan mahaifin da ke ganin ƙwallo shiririta ce, kafin a ga amfanin aikinsa sai takardar canji ta zo.

A kan duk waɗannan sai ga matsalar tsaro. Tun 2017 aka fara kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi saboda hare-haren 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi, an rufe ɗaruruwan makarantu a jihar, an kuma sha hana zirga-zirgar babura. A karkara kuwa babur ne motar ƙungiya. Idan aka rufe makaranta, ba aji kaɗai aka rufe ba, har da filin da ke tara samari da yamma, a yankin da masu ɗauke da makamai ke farautar matasan da ba su da abin yi.

Darasi daga fagen kokawa

Nijar ba ta buƙatar zuwa Amurka neman misalin tsanin da ke aiki, domin tana da shi a kokawar gargajiya. Tun 1975 da aka fara gasar cin takobi a Tawa, ake zagayawa da ita tsakanin manyan biranen jihohi. Kowace jiha daga cikin takwas na kawo 'yan kokawa goma, kuma kafin a kai ga goman nan sai an yi zaɓe tun daga ƙananan matakai. Shi ya sa ɗan kokawar ƙauye ya san hanyar da zai bi har sunansa ya kai gidan rediyon ƙasa, kamar yadda Issaka Issaka na Doso ya bi ya lashe takobin sau da dama.

A ƙwallon ƙafa ma, duk lokacin da aka kula da yara an ga sakamako. Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015. Shekara biyu bayan nan, tawagar wannan rukuni, wadda ta fitar da Najeriya a wasannin share fage, ta je gasar duniya a Indiya a ƙarƙashin koci ɗan gida, ta doke Koriya ta Arewa 1-0, ta kai zagaye na biyu kafin Ghana ta fitar da ita. A 2019 kuma aka buga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi.

Akwai ƙofofin da suke buɗe. A 2022 CAF ta ƙaddamar da gasar makarantun Afirka ta maza da mata, da tallafin dala miliyan 10 daga gidauniyar shugabanta Patrice Motsepe, kuma wata makaranta daga Gini ce ta lashe ɓangaren maza a karon farko a birnin Durban a 2023. Cibiyar horar da malaman wasanni ta ƙasa da ke Yamai, INJS, na yaye malaman motsa jiki. CAF na da matakan lasisin horarwa tun daga na D, wanda aka tanada domin masu aiki da yara. A watan Maris na 2025 kuma aka zaɓi shugaban FENIFOOT a majalisar gudanarwar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, kujerar da ke ƙara wa ƙasar murya a inda ake raba kuɗin raya wasan.

Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan da juna: a kai kwasa-kwasan ƙananan lasisi manyan garuruwan gundumomi irin su Filinge maimakon a jira malami ya nemi kuɗin mota zuwa Yamai, a sa gasar makarantu da gasar dogon hutu da matasa ke shiryawa a unguwanni cikin jadawalin hukuma, a kuma daina ɗauke malamin da ya kafa ƙungiya kafin yaran da ya fara da su su gama aji huɗu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai tsadar albashin koci daga Turai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarar na buƙatar a bar shi a gindin iccen. Tarihin Harouna Doula ya nuna abin da ɗan gida ya iya yi da ɗan lokacin da aka ba shi. Ko za a samu magajinsa, da kuma 'yan wasan da magajin zai zaɓa, ya danganta da irin lokacin da za a bai wa malamin da ke jan layin fili da toka a makarantun Kurfai da sauran karkarar ƙasar.